Tun yaushe muke jin haushin ɗan birni?

Kai mai karatu, ka san wannan magana. In baƙo ya sauka garinku daga Yamai ko daga Kano, da takalmi mai ƙyalli da agogo a hannu, kafin ya sha ruwa an riga an yi masa suna. Ɗan birni ne. A Hausarmu, in an ce ma mutum ɗan birni, ba wurin da aka yanke masa cibiya kaɗai ake nufi ba. Ana nufin mai wayo, mai zaƙin baki, wanda in ya gaishe ka sai ka laluba aljihunka. Ana cewa tafin hannunsa laushi gare shi, bai san nauyin hauya ba. Ana cewa yana cin tuwonka yana yamutsa fuska. Shi ma yana da sunan da ya aje maka: baƙauye, bagidaje.

Wannan haushi ba jiya ya fara ba. Ruwa kuma ba ya tsami banza. Bari mu ɗauki ƙasa guda, kwarin gulbin Maraɗi, mu bi labarinta shekara 200 baya. In kai mutumin Adar ne ko na Damagaram, kada ka aje jarida. Za ka ji abin da ya yi kama da naku.

Ranar da mutanen birni suka zo da kaya a kai

Sai mu fara daga Katsina. Kafin jihadi, Birnin Katsina na cikin manyan biranen ƙasar Hausa duka. Ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasar Larabawa nan suke sauke kaya. Akwai marina, da majema, da malamai masu suna irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina cikin shekara ta 1851. Ya ga ganuwar da zagayenta ya fi kilomita 20. Ya ƙiyasta cewa a da mutanen cikinta sun kai 100.000, amma ranar da ya zo ba su wuce 8.000 ba. Ya kuma rubuta cewa an san Katsinawa da Hausa mai kyau da iya ladabi. Ka ga ke nan irin mutanen da muke magana: mutanen da suka saba a kalle su a yi koyi.

Shehu Usmanu ɗan Hodiyo ya ɗaga tuta cikin 1804. Cikin 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanensa, Umarun Dallaje ya hau. Tsohuwar sarauta ta fita ta yi arewa. An sake gwabzawa a Ɗankama, aka ci su. Masu ba da tarihi na cewa a nan sarkinsu Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki. Waɗanda suka ragu suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya nemi mafaka ƙasar Damagaram, ya yi shekaru can, sarki ba gari. Shekara guda bayan faɗuwar Katsina, cikin 1808, Alkalawa babban birnin Gobir shi ma ya faɗi, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawan birni su ma suka watse.

To, su wa ke kwarin Maraɗi a lokacin nan? Anna ne, manoma da mafarauta da masunta da maƙera, masu bin al'adar kakanninsu. Kowane dangi da gadonsa. Kwarin kurmi ne mai duhu, ba kamar yadda ka gan shi yau ba. Ƙasar dama can ta Katsina ce, amma sarki na nesa, tafiyar kwanaki a ƙasa. Akwai wani mai sarauta a wurin da ake ce ma Maraɗi, daga sunan sarautarsa garin ya samu suna.

Sababbin masu mulkin Katsina suka aiko wakilinsu mai suna Mani. Ya matsa ma mutane. Wajen shekara ta 1819 Anna suka tashi suka kashe shi, suka aika ma Ɗan Kasawa ya zo. Ka riƙe wannan da kyau, don mutane da yawa sun manta: ba da ƙarfi mutanen birni suka shigo kwarin ba. Kiran su aka yi. Manoma na bukatar mai dawakai da zai tare masu ramuwar da suka san tana tafe. Shi kuma Ɗan Kasawa na bukatar abinci, da kurmin ɓuya, da 'yan baka masu kibiya mai dafi. Kowa ya ga amfanin ɗan'uwansa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan raɓa dai ba ta bushe ba. Baƙin sun zo da niyyar su kwana biyu su koma su ƙwace birninsu. Shi ya sa sarkinsu bai yarda a ce masa sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ne, kuma har yau haka ake kiran sarautar. Suka yi ta kai hari kudu, shekara da shekaru. Cikin 1836 a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su, aka kashe Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali. Bayan nan Mayaƙi ya kafa ma Gobirawa Tsibiri, dab da Maraɗi. Kwari guda, fada biyu. Birnin Katsina kuwa bai koma hannunsu ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Sarki na nesa da sarki na kusa ba ɗaya ba ne. Na nesa, ka aika masa gaisuwa sau ɗaya a shekara, ka huta. Na kusa, dokinsa hatsinka zai ci. Baƙinsa kai za ka ciyar. Ga kuɗin ƙasa, ga gyaran ganuwa, ga fita yaƙi. Ga 'ya'yan sarki da barorinsu, waɗanda ba su noma amma ba su kwana da yunwa. In an ci yaƙi, ganima fada take fara sauka. In abokan gaba sun zo ramuwa, rumbun manomi ake fara ƙonewa. Zamanin Ɗan Baskore, wajen 1854 zuwa 1875, Maraɗi ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, har ana jin tsoronta nesa. Amma manomi bai iya yin nisa da shingen garinsu. Duk jigawar nan ta arewa da ka ga cike da ƙauyuka, yawancinta daji ce a lokacin, don ba mai yarda ya zauna fili.

Sai jama'a ta rabu da suna biyu. Ga 'yan sarki da mutanen birni, ga 'yan ƙasa. Na birni suna da rawani da alkyabba, da malamai, da maroƙa, da iya gaisuwar fada. Suna kallon manomi mutum ne marar kan gado. Kalmar anne, wadda a da sunan mutane ce kawai, ta zama abin zagi a bakinsu. Manomi kuwa na kallon su masu ci da gumin wani, masu magana biyu. A ganina, rabin abin da ake faɗi yau game da ɗan birni, a wannan zamani aka dasa shi. Ba Hausarsu mai daɗi ta ba mutane haushi ba. Jakar haraji ce da ke rataye ga sirdi.

Amma kada ka ɗauka gaba ce tsantsa. Sun san ba su iya rabuwa. Sarki na da mutane, amma ƙasa da dajinta da iskokinta na hannun Anna. Su ke buɗin daji kowace shekara, su faɗi yadda damina za ta kasance, fada kuma ta saurara. Manomin da ya noma dami dubu ya yi bikinsa ya raba ma jama'a, ya zama sarkin noma, sarautar da ba a gadonta a fada. A Gobir akwai Sarkin Anna cikin manyan fada. A Maraɗi, cikin manya huɗu masu zaɓen sarki, wato Galadima da Kaura da 'Yandaka da Durbi, shi Durbi yana tsaye ne a madadin tsofaffin masu ƙasa. Abin dariya ma, gidan sarautar Katsina kansa da baƙunci ya fara. Labari ya nuna Korau daga 'Yandoto ya zo, ya kada Sanau sarkin Durɓawa a kokawa, da dabara ba da ƙarfi ba, ya hau gadonsa. In da a yau ne, da an ce Korau ɗan birni ne.

Alƙalami da ma'auni

Nasara sun shigo ƙasar cikin 1899, da wuta da kisa. Daga baya suka ja iyaka tsakaninsu da Ingilishi, Katsina ta faɗa can, Maraɗi ta faɗa nan. Yaƙe-yaƙe suka ƙare. Manoma suka fita daga shinge, suka hau jigawa, kowa na sara daji yana kafa garinsa. Tambayi tsofaffin garinku. Mai yiwuwa kakan da ya gina rijiyarku ta fari a wannan lokaci ya zo. Wasu sun fita neman gona, wasu kuma don su yi nisa da fada da bariki.

Bariki ita ce sabon birni. Ita ta haifi kalmar ɗan bariki da barikanci, ƙannen ɗan birni. Kumandan bai jin Hausa. Tsakaninsa da kai akwai tafinta, da komi mai rubutu, da gardi mai bulala. Su ke ƙidayar kawuna da dabbobi, su ke rubuta lanho, su ke ɗibar mutane aikin dole, har aka hana shi cikin 1946. Sunanka na cikin littafin da ba ka iya karantawa. In an rubuta maka mamaci cikin masu biya, sai ka biya masa.

Sai ga gujiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gujiya ta zama kuɗi, kamfanonin Nasara suka buɗe kantuna Maraɗi. Da kaka, masu saye su fito daga birni da ma'auni da buhuna. Kai ka noma, kai ka ɓare, matarka ta sheƙe, kai ka ɗora ma jaki. Shi ya dubi allurar ma'auni ya faɗi lamba. Ba duka ne macuta ba. Amma ko mai gaskiya ne, ba ka da hanyar sani. Zargi daga nan yake tsira: mutum guda na gani, ɗayan na jira a gaya masa.

Wa ke riƙe da alƙalamin? Lakkol ba ta da yawa a ƙasarmu. Ranar da muka samu mulkin kai, 3 ga Agusta 1960, cikin yara 100 ko 5 ba su zuwa lakkol. Shi ya sa Faransawa suka cika biro da gidan waya da asibiti da mutanen bakin teku, mafi yawa daga Dahome, ƙasar da ake kira Benin tun 1975. Mutanen Kwatano ne da Porto Nobo, masu kwat da wando, ba su jin Hausa sosai, abincinsu dabam. Aiki suka zo yi, kuma da yawansu sun koyar da yara sun yi ma marasa lafiya magani. Amma duk haushin takarda da ma'auni a kansu ya taru. 'Yan ƙasa da suka fito lakkol kuma na son kujerunsu.

Cikin Oktoba 1963 aka yi tarzoma Dahome, soja suka tuɓe shugaba Maga, aka kashe wasu 'yan Nijar a can. Ga kuma gardama kan tsibirin Lete cikin kogin Kwara. Cikin Disamba gwamnatin Jori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahome. Dubban mutane suka ɗaure kaya, har da waɗanda aka haifa nan ba su taɓa ganin teku ba. Wasu sun yi murna. To, me ya sake a ƙauye? Lanho bai ragu ba. Littafin na nan, ma'aunin na nan. Hannun da ke riƙe da su ne ya sake. Ɗan ƙasa da ya yi karatu Yamai ya hau kujerar, sunan ɗan birni ya koma kansa tun bai gama zama ba. Tsibirin Lete kuwa sai cikin 2005 kotun duniya ta yanke cewa na Nijar ne.

Abin da ya taɓa tushen zargin ba kora ba ce. An kafa Sonara da ƙungiyar haɗin kan manoma ta UNCC cikin 1962. Daga tsakiyar shekarun 1960, a ƙasar Magarya da Matamai da wasu wurare, aka fara kasuwannin gujiya inda manoma ke zaɓen mai awo da mai rubutu daga cikinsu, suna rubuta lissafi da Hausa. Tsarin ya samu nasa matsaloli, gujiyar ma ta faɗi bayan fari da cutar 1975. Amma a wurin da ɗan gari ya iya karanta allurar ma'auni, an rage zagin baƙo. Wani abu kuma ya biyo baya da ya kamata ka sani, tun da kai ma ka kama alƙalami: shi ɗan garin mai rubutu, ba a daɗe ba aka fara yi masa kallon da ake yi ma komi.

Ka tuna kuma da mushen lakkol da malamin asibiti da ake turowa ƙauye. Sau da yawa yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an aiko shi inda bai san kowa ba, wani lokaci bai jin harshen garin. In ya ƙi shan ruwan tabki, a ce girman kai. In ya tafi birni karɓar albashi ya daɗe, a ce raini. Wasu lalle da raini suka zo, suna ganin an jefa su daji don horo. Wasu kuma tsoro ne da kewar gida. Daga nesa duka biyun kama ɗaya gare su.

Gona

Yanzu mun zo inda abin ya fi zafi. Cikin 1945 ruwa ya ci tsohuwar Maraɗi ta cikin kwari, aka maida garin bisa tudu. Daga nan ya yi ta girma. A ƙidayar 1977 mutanensa wajen 45.000 ne. A ta 2012 sun wuce 260.000. Fatauci da Najeriya ya yi alhazai masu kuɗi. Ƙauyuka su ma suka cika, dajin da kakanni suka sara ya ƙare, gandu ya rarrabu tsakanin magada har ya zama ɗan tsito. Mata da samari da yawa suka rasa gamanar da suka saba samu.

Cikin Disamba 1974 Seyni Kunce ya ce gona ta wanda ke nomanta ce. Masu aro sun ji daɗi. Masu ba da aro kuwa suka ji tsoro, wasu suka karɓe gonakinsu tun da wuri. Ga farin 1973 da na 1984. Mai gida ya wayi gari rumbu wayam, ya jinginar da gona, bai iya fansa ba, jingina ta zama saye. Wa ke da kuɗi a irin wannan shekara? Ɗan kasuwa da ma'aikaci. Suka sayi gonaki kewayen birni da cikin fadama, wasu suka dasa mangwaro suka ja shinge. Wanda ya sayar ya dawo yana ƙwadago a gonar ubansa. Babu wanda zai ga wannan zuciyarsa ta yi sanyi, ko da ciniki halal ne, ko da an biya shi har dala ta ƙarshe.

Sai dai in ka bincika, alhajin nan sau da yawa ba jikan fada ba ne, ba kuma ɗan Yamai ba. Ɗan ƙauyen gaba ne da ya shiga birni yana yaro da tallan goro. Kuma ba shi kaɗai ke saye ba. Manomi mai ƙarfi na cikin gari shi ma yana saye, amma shi ba a yi masa suna, don tare ake zuwa masallaci. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, har a ƙauyuka, don a rubuta saye da aro da jingina gaban shaidu. Takardar ba ta hana yunwa ta sa mutum ya sayar. Tana dai hana a ce maka ka sayar alhali aro ka bayar.

Akwai ɗan birni guda da ban ambata ba, wanda bai zo da doki ko alƙalami ko kuɗi ba. Naku ne. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutanen Adar da Gobir da Zabarma da suka yi shekaru Kumasi da Ankara suka dawo, da ɗiyan da aka haifa zango. Cikin Janairu 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, ta sake cikin 1985. Motoci suka yi ta sauke mutanen Legas da Kano ta Ɗan Isa da Birnin Ƙonni. Jiya su ke aiko da turmin zane da kuɗin lanho, in sun zo ganin gida a yanka masu kaza. Yau sun zo da tabarma da rediyo.

An karɓe su, don ba a korar jini. Amma gonar da mutum ya bar ma ƙanensa shekara goma sha biyar, ƙanen ya zuba mata taki, ya yi ɗiya a kanta. Shari'a ta kai gaban mai gari, wani lokaci har gaban sarki. Yaran da suka zo, Hausarsu ta bamban, hura na ɓata masu ciki, hauya na fasa masu hannu tun kafin hantsi. Samarin gari na yi masu dariya, suna kiran su 'yan birni, sunan da aka ƙera don mai jakar haraji. Kuma sun faɗo cikin mugun lokaci. Cikin Afrilu 1984 Najeriya ta rufe iyaka, damina ta ƙi, aka yi yunwar da mutane suka sa ma suna El Buhari. Kowace tiya ta hatsi ana ƙidayar bakunan da za su ci ta.

Wasu cikinsu sun daure. Hannunsu ya yi kanta, suka yi aure nan, wasu suka buɗe tebur ko suka kama gyaran keke da rediyo da sana'ar da suka koyo can. Wasu kuma, da aka buɗe iyaka cikin 1986, ko kaka ba su jira ba.